Kujerar da Aka Yi Mini Alkawari

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa.

Sunana Rifkatu. Shekara goma sha tara ina ƙetare gada daga Omdurman zuwa Khartoum, ina aiki a ofishin rajista na wata jami'a ta wajen Soba.

Da ritayar shugabanmu Ustaz Usman ta matso, shi da kansa ya kira ni. Ya ce, "Ya Rifkatu, ke za ki gaje ni, sunanki na rubuta. Ki horar da Samiya ta riƙe teburinki."

Samiya sabuwar ma'aikaciya ce. Na ɗauke ta kamar 'yar cikina, ban ɓoye mata komai ba. Kwano ɗaya muke karya kumallo.

Ranar walimar bankwana, a gaban kowa aka kira sunan sabon shugaba. Samiya! Ashe wata shida ke nan da sa hannu a takardar naɗa ta. Ashe tana sane duk lokacin da take sa hannu a kwanona. Ustaz ya zo wucewa ta gabana, bai ko dube ni ba, ya ce, "Malesh." Wai in yi haƙuri. Shi ke nan!

'Yan'uwa, zuciyata ta yi baƙi. Jinina ya hau. Ina zuwa sujada, amma bakina kaɗai ke waƙa. Na ce tunda sun iya, su yi. Tsofaffin fayilolin da ba a sa a kwamfuta ba ni kaɗai na san wurinsu, sai na kulle bakina.

Wata mata daga Hillat Kuku ta zo neman takardar kammala karatunta, ta samu aiki ana jiranta da ita. Sau uku tana zuwa, Samiya na cewa ba a gani ba. Ni kuwa na san inda fayil ɗin yake. Ina so Samiya ta ji kunya.

Zuwa na uku matar ta tsaya gabana da hawaye, ta ce, "'Yar'uwa, ke da alama mai tsoron Allah ce. Ki sa ni a addu'a."

Wayyo! Na shige ɗakin ajiya, na durƙusa tsakanin akwatuna. Na ce, "Yesu, an ci amanata, ga shi ni ma ina cin ta wadda ba ta yi mini komai ba. Ka cire mini wannan dutsen." Na yi kuka har na gaji. Da na tashi, na ɗauko fayil ɗin na kai wa matar.

Cikin mako biyu na rubuta wurin kowane fayil, na ajiye wa Samiya a tebur.

Har yau ba wanda ya ba ni haƙuri na gaskiya, kuma abin yana yi mini ciwo. Amma ƙiyayyar ta sake ni, jinina ya sauka. Na gode wa Yesu! Duk wanda aka ci amanarsa a cikinku, kada ya riƙe damuwar shi kaɗai. Ya kai ta gaban Ubangiji, ya dogara gare shi. Amin.