Ɗanye, Ba Ganye Ba

AUTA: Salamu alaikum, Yaya. Kina ji na?

YAYA: Wa alaikumus salam. Ina jin ki sama-sama. Ina wuni, Auta?

AUTA: Lafiya lau. Ya gajiyar hanya? Ya hutu?

YAYA: Hutu dai ana yin sa.

AUTA: Ya Abban yara? Ya 'yan biyuna?

YAYA: Suna ƙasa wurin wanka, tun ɗazu suke cikin ruwa kamar agwagi. Ya asibiti?

AUTA: Da godiya. Ba don aikin nan ba ai da ƙafata ƙafarku. Ya Baba?

YAYA: Yana ɗakinsa, nan kusa da namu.

AUTA: Wai a ina kike ne? Muryarki kamar daga rijiya.

YAYA: A banɗakin otal. Karo na uku ke nan ina goge baki, ƙarnin ya ƙi fita.

AUTA: Ƙarnin me?

YAYA: Aikin mijin yayarki ne. Akwai wani layi a bayan otal ɗin nan, gidajen abinci ne jere, kowanne na mutanen wata ƙasa. Shi ne ya rantse kullum sai mun shiga ɗaya, wai yara su buɗe ido.

AUTA: To ai abin kirki ne.

YAYA: Ke da ba ki ci ba. Shekaranjiya tukunya suka dire mana a tsakiyar tebur tana tafasa, ga nama an yanka kamar takarda, wai kowa ya dafa nasa. Na baro kicin ɗina na zo hutu, a miƙo mini tukunya. Jiya kuma kabeji ne da ya kwana ya wuni har ya yi tsami. Abin da zan zuba a shara, shi suka kawo a faranti mai kyau suna murmushi.

AUTA: Yau fa?

YAYA: Yau kifi ɗanye.

AUTA: Kifi da ganye? Ai yana da kyau ga jiki, mu ma muna...

YAYA: Ɗanye na ce.

AUTA: Wane irin ganye? Layin yana yankewa.

YAYA: Ɗanye, Auta! Bai ga wuta ba, bai ga mai ba. An yanko shi an ɗora a kan ɗan curin shinkafa mai sanyi, aka ba mu tsinke bibbiyu wai mu ɗauka da su. Sai wata halitta mai ƙafafu takwas, kowace ƙafa da ƙuraje a jere. Na sa guda a baki don kar yara su raina ni, ta ƙi taunuwa, ta ƙi haɗiyuwa, sai santsi. A tishu na tofar.

AUTA: Daina, yanzu na ci abinci. To Baba fa? Kun kai dattijo irin wannan wuri? Mutumin da tun rasuwar Mama ba ya wuce cokali biyu?

YAYA: Hm.

AUTA: Yaya, don shi fa aka yi tafiyar nan. Likita ya ce in ya ci gaba da ramewa kwantar da shi za a yi. Kada ki ce mini yau ma bai ci komai ba.

YAYA: Ya ci.

AUTA: Ya me?

YAYA: Ya cinye nasa, ya jawo nawa. Ya ajiye tsinken ya sa hannu. Har mai ƙurajen bai bari ba. Da mai kawo abincin ta zo kwashe faranti, ya nuna mata da yatsa a ƙaro.

AUTA: Alhamdulillahi. Wallahi har idona ya kawo ruwa. Shi ne kika tsaya ba ni labarin kabeji?

YAYA: Ke murna kike, ni raina ne ya ɓaci. Wata takwas ina tsaye a kan wuta. Yadda Mama take soya albasa, yadda take sa gishiri sai ta kusa saukewa, ba abin da na canja. Kowa ya ci sai ya ce hannuna da nata ɗaya ne. In kai masa, ya ɗanɗana, ya ture, ya ce ya ƙoshi. Yau ga shi yana lashe yatsa a kan ƙazanta.

AUTA: Kin tambaye shi?

YAYA: A hanyar dawowa. Na ce Baba, me ka ji a abin nan? Ya ce ba komai. Na ce to me ya sa ka cinye? Wai shi ya sa, babu kowa a cikinsa. Ki ji fa. Nawa da aka yi da hannun mutum, shi ne abin turewa.

AUTA: Haka ya ce? Babu kowa a cikinsa?

YAYA: Haka. Halo? Kina ji na?

AUTA: Ina nan. Yaya, kin tuna kular da kika aiko mini wurin aiki bayan rasuwar, na ce miki na cinye?

YAYA: Na tuna.

AUTA: Ban ci ba. Ina buɗewa na ji kamar Mama ce ta shigo ofis ɗin. Na rufe, na shiga sito na yi kuka, na ba masu gadi. Ni ke nan, sau ɗaya. Shi kuma sau uku a rana kike ajiye masa ita a gabansa.

YAYA: Me ya hana ki faɗa mini?

AUTA: Na ga girkin ne yake riƙe da ke. Na kasa.

YAYA: Wato duk ramar nan...

AUTA: Ban ce laifinki ba ne.

YAYA: Ni da nake cewa ciyar da shi nake yi.

AUTA: Gobe ku koma can. Ki toshe hanci ki zauna kusa da shi.

YAYA: Auta, na taho da ƙaramar tukunyar lantarki a akwati. Muna dawowa na ɗora masa miya, na ce ya wanke bakinsa da abincin kirki. Tana kan teburin madubi tana tafasa.

AUTA: Yanzu haka?

YAYA: Kuma tagarsa a buɗe take. Ajiye wayar, bari in zubar kafin ƙamshin ya kai masa.