Bencin da Cikinsa Wayam

A ɗakin jiran likita, wani dattijo ya ƙwanƙwasa benci, ya dubi matar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, kin san bencin nan yawancinsa fili ne? 'Yata da ke jami'a ta faɗa min a waya. Wai komai da ƙwayar zarra aka yi shi, ita kuma cikinta wayam."

"Ikon Allah! Duk ka gane, Baba?"

"Wannan kaɗai. Sauran da Turanci take zubo min, mai nauyin nan. Sai in ce ta maimaita."

"To ta yi maka da Hausa mana."

"Ai ranar da ta yi da Hausa, nan da nan na gane, hira ta ƙare, ta kashe waya. Ban ƙara wannan gangancin ba."