Ɗan Ajinsu Yana Kira

A rumfar mai gyaran waya, wata mata ta miƙa masa wayarta.

"Malam, toshe min wannan lambar. Wani ɗan ajin 'yata ne yake kiranta kullum in an tashi makaranta."

"Shekarunsu nawa, Hajiya?"

"Takwas."

"Haba, ai yara ne! Aikin gida kawai suke tambayar juna."

"Ni ma haka na ɗauka, sai da na je gidansu jiya. Uwarsa ta ce ya rasu tun lokacin hutu. Wayar mai wannan lambar ma tana cikin akwatinta, a kashe."

Mai gyaran ya ajiye wayar a hankali.

"To, me yake ce mata?"

"Wai ya kama mata wuri kusa da shi, kada ta makara."