Talabijin ɗin Baba Ta Daina Hausa

A bencin shagon mai gyara a ƙasar waje, wani direban tasi ya rungume tsohuwar talabijin. Wata mata ta leƙo.

"Malam, wannan gawar daga gida ka ɗauko ta?"

"Baba ne ya ce ƙafarsa ƙafarta."

"Wutar ƙasar nan ta ƙona ta?"

"Ina! Filogi kawai na canza. Amma a gida Hausa take yi, nan kuwa yarensu take zubawa. Baba ya ce girman kai ne, a gyara ta."

"Kai kuma ka biye masa?"

"Ya zan yi? Ita kaɗai ce abokiyar hirarsa."

Matar ta haɗiye dariyarta.

"In ta gyaru ka faɗa min. Yarana uku ciwonsu ke nan."