Ƙasar da Bulus Ya Ɗiba a Gonata

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Fasto, dattawa, iyayenmu mata, sannunku da sujada.

Masu leƙen agogo ku yi haƙuri, yau kam sai na gama. Sunana Ishaku. Na san wasunku kuna cewa Ishaku mai faɗa, ina ji, ba kurma ba ne ni. Shaidata ba ta ciwo ba ce. Abin da Ubangiji ya fisshe ni daga ciki shi ne ƙaryar da na ɗora wa ƙanena Bulus, uwa ɗaya uba ɗaya, har ta kai shi ga neman barin garin nan.

Da Baba ya rasu, an raba mana fadamarsa biyu, kunya ɗaya ce tsakanina da Bulus. Rijiyarmu ɗaya, injin ban ruwa ɗaya, irin alkama ma daga buhu ɗaya muke ɗiba.

To, Baba yana da ƙa'idarsa. Ba ya zuba alkama sai ranar da ya kurɓi ruwan randa da safe ya ji ya sari haƙorinsa. Ranar ce sanyi ya zauna. A haka na tashi, a haka nake yi. Amma shekarun nan, jama'a, wane irin sanyi ake yi? Ka yi ta jira, ka yi ta kurɓar ruwa kamar mai shan magani, shiru! Sai dab da Kirsimeti ya leƙo, kafin ka gama nemo rigar sanyi ya kama gabansa.

Bara waccan Bulus ya same ni ina sussukar dawa, ya ce, "Yaya, mu zuba alkamar nan tun tsakiyar Nuwamba. Malamin gona ya ce idan zafi ya riske ta tana cika ƙwaya, an yi asara."

Na ce, "Malamin gonar ya taɓa riƙe fartanya? Kai da na goya, kai za ka koya mini alkama?"

Ya je ya zuba tasa. Ni sai bayan wata guda da 'yan kwanaki na zuba, da ruwan randa ya sari haƙorina.

Alkama ta tashi gwanin sha'awa, tawa har ta fi tasa duhun ganye. Ta fitar da kai. Sai zafi ya faɗo tun Fabrairu bai yi nisa ba, ruwan rijiya ya ja baya, ga man inji ya yi tsadar da ba a magana. Na ce ai ta kusa, Baba ma a daidai nan yake rage ruwa. Na rage. Shi kuwa Bulus kullum da yamma yana bakin inji.

Wata safiya na hango shi ya tsallako kunya, ya tsuguna a kusurwar gonata, ya tona da hannu, ya damƙo ƙasa ya matse, ya tsaya yana kallonta. Da ya gan ni ya ce, "Yaya, ka ba ta ruwa." Na ce ya fita mini daga gona.

Ranar shiƙa, wayyo! Zangarniya ga ta nan cike da ido, amma ƙwaya duk ta motse, iska na kwasar ta tare da ƙaiƙayi. Inda nake samun buhu goma sha wani abu, ko rabi ban haɗa ba. Matata Rahila ta kai niƙa don ta murza taliya, rabi ya fita dusa, taliyar kuma tana ɗagawa tana tsinkewa. Ta ce, "Maigida, wannan ko kaji sai sun yi shawara." Na ce ta rufe mini baki.

Ta Bulus fa? Ƙwaya ɓul-ɓul, ka zuba a tiya ka ji nauyi.

A nan Shaiɗan ya sami ƙofa. Goggo Tabawa, ƙanwar Baba, wadda kun sani har yau tana kan al'adar gargajiya, ta zo ta duba buhuna ta girgiza kai. Ta ce, "Kai a cike, ciki fayau? Ɗana, kwashe maka aka yi. Wa ka gani yana taɓa ƙasar gonarka?"

Ni da aka yi wa baftisma tun kafin a haifi rabinku! Ni da nake zama a layin gaba! Maimakon in ce Goggo ki bari, sai na ji maganar ta zauna mini daram. Iri ɗaya, ruwa ɗaya, kuma da idona na ga ya ɗebi ƙasata. Me ya rage?

Muka kai kaya kasuwar Ɗambatta. Wata Hajiya mai yin alkaki ta tura hannu a buhuna, ta ciji ƙwaya ɗaya ta tofar. Ta ce, "Malam, dusa ka kawo mana?" Ta matsa ta saye na Bulus kaf, ko ragi ba ta nema ba. Sai na ji kaina ya yi zafi. Na ɗaga murya a tsakiyar 'yan hatsi na ce, "Ki saya, ai tawa ce a ciki! Ɗebe ƙasata ya yi ya kai aka juye masa albarkar gonata!"

Bulus ya dube ni ya ce, "Yaya, ni?"

Kafin motarmu ta iso gida magana ta riga mu. Kuma ku, 'yan'uwa, ku ma fa kun taya ni, kada kowa ya sunkuyar da kai yanzu. Matarsa Lami ta soya ƙosai ta dawo da shi a roba, ba wanda ya saya. Maƙwabta suka hana shi ratsa gonakinsu. Da damina ya nemi gayya, mutum biyu suka je. Daga nan ya daina zuwa sujada, ni kuwa na ce ai kun gani, rashin gaskiya ne ya kore shi.

Rahila ta yi ta fama da ni. "Maigida, ka ji tsoron Allah, ƙanenka ne." Fasto ya zo gidana sau biyu, na ba shi ruwa na raka shi.

Da rani ya zagayo, Bulus bai zuba komai ba. Ya bar mini rijiyar da injin, ya bar gonarsa ƙasa tsirara. Na ce madalla, bana za a ga alkama. Na jira ruwan randa kamar kullum, na zuba.

Jama'a, ta fi ta bara lalacewa!

Ranar da na murza zangarniya a tafin hannu na ga abin da ke ciki, rana tana tsaka. Na dubi gonar Bulus, babu ko tsinke. To wa ya kwashe, ya kai ina? Na zube a gwiwa cikin fangalin alkamar, kuma kada ku ɗauka addu'ar kirki na fara. Faɗa na je yi. Na ce, "Ya Ubangiji, ina bauta maka, ina ba da zakka, wane ne kuma wannan? Ka tona mini asirin maƙiyina yau ɗin nan!"

Ina cikin haka gumi yana zuba, yana shiga mini ido, riga ta manne a baya. Na sa hannu na share. Sai na tsaya cak. A wannan watan, a wannan fadamar, Baba da bargo yake zuwa, mu hura kara mu ji ɗumi kafin mu iya taɓa ruwa. Ga ni yau ina ɗiga kamar an tsamo ni daga kogi.

Ban san sa'ad da na tura hannu cikin ƙasa ba. Na damƙo na matse, na buɗe hannu, ta wargaje, babu ko alamar laima. Abin da Bulus ya yi ke nan! Dubawa ya yi ko alkamar yayansa tana jin ƙishi!

Na ce a nuna mini maƙiyi, aka nuna mini. Na yi kuka a wurin nan kamar ba dattijo ba. Na ce, "Yesu, ka gafarta mini, na kashe ɗan'uwana da baki." Ban tashi ba sai da na ji abin da ya tokare mini ƙirji wata goma sha ɗaya ya sauka. Halleluya!

Ko gida ban biya ba, na wuce wurin Bulus. Na tarar Lami tana ɗaure kwanuka a buhu. Ashe ya yi ciniki da wani mutumin Minjibir zai sayar da gonar, su koma Kano ya nemi gadi. Gonar Baba!

Na durƙusa a gaban ƙanena na ce, "Bulus, ƙarya na yi maka. Zafi ne da taurin kaina."

Ya ce, "Sau nawa na gaya maka, Yaya? Sau nawa? Kai ba a gaya maka magana!" Na ce haka ne. Ya ce, "Kuma a tsakiyar kasuwa ka faɗa, shi ne za ka zo ka janye a tsakar gida, daga ni sai awaki?"

Ranar kasuwa na koma Ɗambatta, na tsaya inda na tsaya bara, na faɗa da ƙarfi. Wasu suka yi dariya, wani ya ce tsohon nan ya taɓu. Oho dai. Yau kuma ga ni a gabanku, domin ku ne kuka fi riƙe maganar.

Ku ji da kyau. Bulus bai kwashi albarkar kowa ba. Lokaci ne ya canza, shi ya lura, ni na ƙi. Wanda ya ga alkamarsa ta motse, ya binciki ranar da ya zuba iri da ranar da ya yanke ruwa, ya bar ɗan'uwansa ya sha iska.

Na gode wa Ubangiji da bai bar ni na mutu da wannan ƙarya a bakina ba. Alkamata ta bana ta tafi, ban kuma damu ba. Ku dogara gare shi, yana amsa addu'a, har irin tawa ta masu faɗa.

Mai sayen gonar zai zo ranar Talata, Bulus kuwa bai ce mini ya fasa ba. Ban isa in tilasta masa ba. Amma yau ya zo, ga shi can a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, shi da Lami. Kuma tun da na hau nan nake kallo, benci mai cin mutum takwas, su biyu ne a kai.

Haba jama'a! Ni zan sauka in je in zauna a can. Wanda ya gaskata abin da na faɗa, ya taso mu tafi.

Cikin sunan Yesu. Amin.