A Ba Dogo Mabuɗi

Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe Manaja, injiniyoyi masu kula da babbar kwamfuta, 'yan'uwana matan injiniyoyi da muke zaman jira tare, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka gayyaci iyalai bikin ƙaddamar da wannan sabuwar manhaja, ina kuma godiya ta musamman da aka shigar da mu ɗakin sanyi muka ga babbar kwamfutar da suke kira Giwa da idonmu. Yadda maigidana yake ba da labarinta, na ɗauka zan tarar da fada mai fitilu, irin ta littattafan da nake karantawa. Sai ga baƙin kabad yana gurnani.

Amma na san darajarta. A cikinta akwai ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci da ba a taɓa su da hannu, kowacce da ɗakinta kamar 'yan haya, maigidana ne kuma mai kula da gidan. Shi kaɗai ke riƙe da kalmar sirrin da ke buɗe kowane ɗaki. Saboda wannan kalma, tun da aka kawo ni bai taɓa ɗaukar hutu ba. Ya yi mini alkawarin bakin teku, har yau teku a bangon littafi nake ganinsa.

Yanzu ga abin da sabuwar manhajar ta zo da shi, kamar yadda aka karantar da ni a kan tabarmar cin abinci.

Na farko, ana iya ɗauke ƙaramar kwamfuta daga Giwa a kai ta wata na'urar tana tsaka da aiki, ba tare da an kashe ta ba. Ya ce kamar a canza wa ɗan haya gida yana shan shayi, ko ɗigo bai zube ba. Ashe gyaran da ke cinye mana ƙarshen mako zai yiwu a ranar aiki.

Na biyu, in wuri ya yi wa wata kaɗan, ana ƙara mata ƙwaƙwalwa nan take. Wannan ya yi mini bayaninsa har miya ta huce.

Na uku kuwa, na tambaye shi, "Shi ke nan?"

Ya ce, "Akwai wani ɗan abu, Amarya, ba shi da muhimmanci. Miƙo mini ruwa."

Jama'a, ɗazu a bakin ƙofa na tare mataimakinsa, Dogo, na ce ya faɗa mini ɗan abin nan. Dogo ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ce, "Anti, yanzu ana raba mabuɗi. Oga zai iya ba ni ikon tashin kwamfutoci da lura da su, ba tare da ikon goge komai ba. Tun makon jiya nake roƙo, kullum sai ya ce Giwa ba ta saba da hannuna ba."

Ranka ya daɗe Manaja, kai ne kake ce mini, "Ki yi haƙuri, 'yata, in ya tafi wa zai riƙe?" Ga mai riƙewa nan, tsayinsa ma ya isa a gani daga ko'ina. Ba na roƙon ƙarin girma, ba na roƙon mota. Ina roƙon a ba Dogo mabuɗi, a ba maigidana hutu, a ba ni maigidana.

Ga shi can a layi na uku yana rufe fuska da takardar shirin taro. Sauke ta, maigida, Manaja ya gyaɗa kai, kowa ya gani. Ka gyaɗa naka.

Alhamdulillahi. Dogo, kai ne shaida.

Allah ya ba Giwa lafiya, ya sa ta saba da sabon hannu. Allah ya saka wa shugabanninmu da alheri, ya maida kowa gidansa lafiya. Mu kuma, ku yi mana addu'ar hanya.

Na gode ƙwarai.