Kaucin Wace Bishiya?

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Gubuchi nake rubutowa. A yi haƙuri da rubutuna, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci.

'Yata Hadiza tana da farfaɗiya. Tun da aka ɗora ta a kan ƙwayar asibiti ta daina faɗuwa. Kwanan baya kun kawo wani malamin jami'a, ya ce suna gwada ruwan kauci a kan ciwon. Na ji ya ce a kan ɓeraye ne tukuna. Maigidana kuwa kauci kawai ya ji.

Washegari ya hau ɗorawa ya saro. Surukata ta ce, "Kai, ai na kaɗanya ake nufi." Suka dafa duka biyun, suka ce a ajiye ƙwaya. Na ce, "Inna, jikarki fa ba ɓera ba ce." Ta ce, "Tun da kika iya karatu kika iya musu."

Ranar Laraba Hadiza ta faɗi a bakin murhu, hannunta ya ƙone. Suka ce ba a dace da bishiyar ba ne. Yanzu maigidana zai je garin Paki nemo na tsamiya.

Don Allah ku dawo da malamin nan ya yi bayani da bakinsa, don maigidana ya fi jin maganar rediyo a kan tawa. Kafin nan, in riƙa ba ta ƙwayar a ɓoye? Ku amsa mini yau.

Maman Hadiza